Gilashin Alhaji Maliya a Rijiyar Goggo Dije

Ɗan dakata, kar ka mayar da wayar nan aljihu. Wato waɗannan da ke yawo a ƙarƙashin teku da tukunyar iska a gadon baya, su ne ka ce aikinsu hutu ne? Kai kuma na kusa da shi, da ka ce in an ba ka kayan ko gobe sai ka shiga, ba kai ba ne in ruwan wanka ya shigar maka hanci sai unguwa ta ji? Ku gyara zama. Wurin nan na cikin teku da kuka ce hukuma ta killace, ba a kama kifi, ba a karya murjani, ba baƙon abu ba ne a kunnena. Mu ma mun yi irinsa a nan Kwarbai. Sai dai namu faɗinsa bai kai zauren nan ba, hukumarsa kuma tsohuwa ce guda ɗaya mai sanda.

Ni Ɗanjuma, abin da na ci abinci da shi tun ina saurayi har gwiwoyina suka ce sun gaji shi ne shiga rijiya. Ba haƙa ba, wannan sana'ar wasu ce. Mu namu nutso ne da yasa. In abu ya faɗa, mu sauka mu ɗauko. In laka ta taru, mu kwashe. Lokacin famfo bai shiga lungunan cikin birni ba, mai hali da rijiyarsa a gida, mara hali ya je ta unguwa.

Maigidana sunansa Alhaji Bawa, Allah ya jiƙansa, amma ba mai kiransa haka, sai Alhaji Maliya. Da ƙafa ya tafi aikin hajji tun ba a haife ni ba. Guzuri ya ƙare masa a Bur Sudan, bakin Bahar Maliya, ya zauna shekaru yana nutso tare da mutanen can, suna tsinto wata irin ƙumba da ake yin maɓallin riga da ita. Da ya dawo Zariya babu teku, sai ya koma wa rijiyoyi. Abin da ya jawo masa sunan kuwa labari ne. In ya zauna ƙofar masallaci bayan la'asar, sai ya ce wai a ƙarƙashin ruwan can akwai gonaki, murjani na tsirowa da rassa, wani ja, wani fari, wani shuɗi, kifaye kuma kamar an baza atamfa a kasuwa. Har cewa yake ya ga Turawa sun sauka da tukunyar iska, sun yi zaman da ya isa a ci tuwo a wanke hannu ba su fito ba. Mutane su yi ta ƙifta wa juna ido.

Wani ya ce, "Alhaji, kifin nan mai kore da rawaya, wane marini ne ya rina shi?"

Shi ba ya fushi. Sai ya ce, "Wanda ya rina ɗawisu."

Ni ma, gaskiya, ban yarda ba. Amma kunnena na son abin, kullum ina gefe.

Aikin farko da na bi shi, akuya ce ta faɗa rijiya a wani gida wajen Ƙofar Gayan. Ni na tuɓe riga, ina ɗoki. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce in mayar da rigata, ya damƙa mini igiya. Kafin ya sauka sai da ya zura fitilar ƙwai a kunne har kusa da ruwa, yana leƙen harshen wutar. In wutar ta mutu, akwai mugun iska a ƙasa, mai kwantar da ƙato ba ko ihu. Maganinsa a ɗaura reshen darbejiya mai ganye, a yi ta jansa sama da ƙasa har iskar ta sake, a kuma zura fitila. Sannan ya koya mini maganar igiya. Fizga ɗaya, saki. Fizga biyu, ja. In kuwa igiya ta yi shiru a hannunka har ka fara tunanin ko lafiya, to ka riga ka makara, ja kawai. Na daɗe ina riƙon igiya, har abokaina suka fara kirana turke. Alhaji ya ce wanda bai san tsoron da ke bakin rijiya ba, bai kamata a bar shi ya shiga cikinta ba.

Da lokacin shiga ruwa ya yi, a kududdufi muka fara, da damina. Nan ya nuna mini abin da ya koyo a teku, wanda sauran masu nutson garin nan ba su sani ba. In ka yi ƙasa, ruwa zai matse maka kunne kamar ana tura tsinke. Sai ka toshe hanci da yatsu, ka busa a hankali har ka ji kunnen ya yi ƙis, sannan ka ci gaba. Shi ya sa kuka ga har yau ina jin gulmar da kuke yi a can baya, alhali sa'o'ina a sana'ar nan duk sai an yi musu ihu.

Abin da nake so ku gane shi ne, mu a makance muke aiki. Da ka taɓa ƙasan rijiya laka ta tashi, shi ke nan, ko ka buɗe ido ko ka rufe duk ɗaya ne. Hannu ne ke gani. Hannuna ya san bambancin guga da tsohon takalmi, ya san cokali, ya san fasasshiyar kwalba tun kafin ta yanke shi, wani lokacin kuma bayan ta yanka. Na ɗauko almakashin tela, na ɗauko rediyo, na ɗauko kaji ba iyaka. Akwai wata amarya, Hajara, da ɗan kunnenta na zinari ya faɗa tana jan ruwa, ga shi na aro ne daga uwar mijinta. Ta aiko a ɓoye wai a ce guga ne ya faɗa. Na yi ta murza laka tsakanin yatsu har la'asar kafin na ji shi. Na ƙunshe shi a kumatu, na fito da wani ruɓaɓɓen guga ina ɗagawa don mutanen gida su gani. Akwai kuma ayyukan da ba kaya muke ɗaukowa ba. Waɗannan ba na ba da labarinsu.

To, Alhaji yana da wani abu a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa, naɗe cikin tsohon rawani. Gilashin nutso ne, irin wannan na fuskar mutanen wayarku, zagayayyen gilashi da baƙin roba mai rufe ido da hanci. Lokaci-lokaci ya fito da shi, ya shafa masa hoda, ya mayar. Na roƙe shi ya fi a ƙirga ya bar ni in sa ko sau ɗaya.

"A rijiya me za ka gani? Duhu ne da laka," in ji shi. "Wannan na teku ne. In Allah ya sa na koma, da shi zan koma."

Yana faɗin haka ne yana tari, don a lokacin ƙirji ya fara hana shi shiga ruwa. Ni ke sauka, shi ke riƙon igiya.

Yanzu bari in zo kan rijiyar Goggo Dije. Tsohuwar rijiya ce mai faɗi a wani fili bayan gidanta, ba wanda ya san wanda ya haƙa ta. Akwai tarwaɗa a ciki, in ka leƙa da rana za ka ga baƙaƙen bayansu suna gilmawa. Goggo Dije ta gaji tsaron rijiyar daga uwarta, da dokokinta. Ba a wanki da sabulu a kusa. Ba a zura gugan da ya taɓa kananzir. Ba a kama kifi, ko da ya shigo guga da kansa, sai a mayar da shi da bismilla. Ita cewa take kifin ne ke cinye tsutsa, kuma ran da ka ga kifi ya juya ciki sama, ka san ruwan ba na sha ba ne. Mu masu nutso kuwa sai mun yi wanka da ruwa zalla, ba mai a jiki, ta shinshina mu kamar nama a kasuwa, sannan ta ce mu sauka.

Abu biyu ke ɗaure mini kai game da rijiyar nan. Na farko, ba a taɓa yashe ta an ga ƙasanta ba, don ko ƙarti nawa suka taru suna ja, ruwa na rigansu dawowa. Na biyu, na shige ta sau da yawa ɗauko guga, amma hannuna bai taɓa taɓa kifi ko ɗaya ba. A sauran rijiyoyi masu kifi, da ka sauka sai ka ji suna goga maka ƙafa. A wannan, daga sama ga su nan birjik, da ka shiga babu kowa. Ina suke zuwa? Na tambayi Goggo, ta ce ba huruminta ba ne bin diddigin baƙin Allah. Na tambayi Alhaji, ya ce shi ma tambayar ta daɗe tana cinsa.

Sai fari ya zo, bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira. Damina ta yi gardama, ruwa ya ɗauke da wuri. Kafin bazara ta kai tsakiya rijiyoyin gidaje sun ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Sana'armu ta mutu murus, don ba mai kiran mai nutso rijiyar da yaro zai tsaya a ciki ruwa bai kai masa gwiwa ba. Na koma dako a kasuwa. Unguwar nan kaf, har da na maƙwabta, suka dawo kan rijiyar Goggo Dije, layin tuluna tun asuba. Ita ma sai ta fara ja da baya. Kullum igiyar guga sai an ƙara mata tsawo, ruwan da ya kwana ba ya mayar da abin da aka ɗiba jiya. Kifayen suka fara tasowa sama suna buɗe baki.

Mai-unguwa ya tara mutane a zaurensa. Malam Iro mahaƙi, mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa, ya ce magana ɗaya ce: ruwa ya gudu ƙasa, a bi shi. A kwashe sauran, a fitar da kifin, a ƙara wa rijiya zurfi. Wani daga baya ya ce kifin ma ai rabo ne, yara sun daɗe ba su ga maiƙo a miya ba. Ashe Goggo Dije na tsaye bakin ƙofa, ta buga sandarta a ƙasa.

"Wanda zai ci kifin nan, da ni zai fara. Ni ma na daɗe a ruwan, na yi laushi."

Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Alhaji ya nemi izini ya ce kada a haƙa. Ya ce ƙasan rijiyar nan yumɓu ne, shi ke riƙe da ruwan kamar gindin randa. Ya tuna musu wata rijiya a Ƙofar Gayan da aka ƙara wa zurfi a watan da ya gabata, aka fasa yumɓun aka faɗa yashi, ɗan ruwan da ya rage ma ya tsiyaye. Ya ce shi a jikinsa, in ya tsaya a ƙasan rijiyar Goggo, sanyi ba daga tafin ƙafa yake zuwa ba, daga gefe yake bugun ƙwauri. Ruwan ta bango yake shigowa, wani abu ne ya toshe shi.

Malam Iro ya ce, "Alhaji, ka ga wurin da idonka?"

"Ban gani ba."

Sai wani mai baki ya ce, "Ai murjani mai rassa kaɗai ya gani."

Wallahi na ji zafin maganar nan har cikin raina. Mai-unguwa ya tsawatar, ya ce ba zai zauna yana kallon mutane na mutuwa da ƙishi saboda sanyin ƙwauri ba. Ya ba mu zuwa Juma'a. In ba mu nuna inda ruwa ke shigowa ba, ranar Asabar Malam Iro ya shiga da diga.

Muna fita Alhaji ya ja ni har gidansa. Ya durƙusa, ya jawo akwatin, ya warware rawanin, ya miƙo mini gilashin. Ya ce, "Ka daɗe kana tambayar inda kifin nan ke zuwa. Je ka gani. Inda suke gudu, nan ruwa yake."

Da na karɓa sai na ga maɗaurinsa ya tsinke, roban duk ya yi tsaga-tsaga don tsufa. Muka kai wa Yohanna, wani mutumin Wusasa mai rumfar faci a bakin titi wajen unguwar Kongo. Ya juya shi, ya shinshina, ya yanko tsohon tib na keke ya yi masa maɗauri, ya bi tsagogin da solushan, gam ɗin faci. Ya ce, "Baba, roban nan ya riga ya mutu, lallashinsa kawai na yi. In ya ji ruwa ban san abin da zai yi ba." Alhaji ya ce ya sani. Yohanna ya ƙi karɓar komai, wai ladansa a bar shi ya zo kallo.

Saura haske da ruwa mai kyau. A tsakiyar bazara akwai 'yan kwanakin da rana ke tsayawa tsak a ka, mutum ya taka inuwarsa, haske ya sauka cikin rijiya kai tsaye. Muna cikinsu. Don a karkata hasken zuwa bango kuma muna bukatar babban madubi. Hajara mai ɗan kunne ta sa aka kwance na jikin sif ɗinta aka kawo, ba ta ko tambayi mijinta ba. Mai wuyar shi ne ruwa. In ana zura guga ba ya kwanciya, dole a hana ɗiba tun asuba har rana ta take. A shekarar fari, ku yi tunani!

Goggo Dije ce ta ɗauki wannan. Ranar Alhamis tun kiran farko ta shimfiɗa tabarma a bakin rijiya, sanda a cinya. Layi ya taru, mata na ƙunƙuni, wasu na zagi a fili. Wata mai goyo ta fashe da kuka ta ce ko na jiƙa wa yaro koko ba ta da shi. Goggo ta ce a shiga ɗakinta a juye mata abin da ke randa. Ita kanta ko kurɓa ba ta yi ba har azahar, leɓenta duk ya bushe, amma guga bai sauka ba.

Da rana ta kusa tsayawa Alhaji ya ce in tofa yawu a cikin gilashin in goge, don kada ya yi hazo. Goggo ta ce tabɗi, ba a bakin rijiyarta ba. Sai da na je can bayan katanga na tofa, na ɗauraye. Ya ɗaura mini igiya a ƙugu da hannunsa, ya ce in sauka a hankali kamar mai shiga ɗakin mara lafiya, kada ƙafata ta taɓa ƙasa, in riƙa fitar da ɗan numfashi ta hanci in gilashin ya matse fuska. Yohanna ya riƙe madubi. Na sauka, na ja numfashi, na sunkuyar da kai cikin ruwa.

Kai, jama'a! Shekaru ina shiga rijiyar nan, ashe ban taɓa zuwa ba. Hasken ya tsaya a tsakiyar ruwan kamar ginshiƙi, wasu 'yan ƙura-ƙura na juyawa a cikinsa. Bangon da na sani da santsi kawai, ashe layi-layi ne, wani kore, wani ruwan tsatsa, har da sawun dagin mutanen da suka haƙa ta. A ƙasa ga wani tulu zaune lafiya lau, ko tsaga babu, ga mundaye, ga gugan da na neme shi bara na rasa. Ga wasu 'yan halittu kamar fara, jikinsu garau kana hango cikinsu. Kifin kuma da muke cewa baƙi, ashe cikinsa fari ne, bayansa da ɗigo-ɗigo irin na zabuwa, in ya gilma ta cikin haske sai ya yi wani kore. Na shagala har ƙirjina ya fara zafi. Na taso na shaƙi iska.

Alhaji ya leƙo. "Ka ga inda suka shiga?"

"Ban duba ba, Alhaji."

"To me kake yi?"

"Kallo."

Na ji ya yi wata 'yar dariya, tari ya katse ta. Ya ce, "Koma. Rana ba za ta jira ka ba."

Na koma. Wannan karon na kaɗa hannu da gangan. Kifayen suka watse, sai na ga duk sun nufi gefe guda, yamma, ƙarƙashin wani dutse da ya ɗan turo daga bango. Ɗaya bayan ɗaya suna kwantawa a kaikaice suna shigewa. Na taso na ce wa Yohanna ya karkato madubin wajen, na sake nutsawa. A ƙarƙashin dutsen akwai baki mai faɗi, amma saiwoyi sun cika shi dam. Saiwar durumin da ke can tsakar gidan maƙwabta ce, fari ya sa ta biyo ruwa. Sun saƙa kansu, laka ta liƙe su, shi ya sa in hannu ya shafa sai ya ji kamar bango. 'Yar kafa kaɗai ta rage, wadda kifin ke bi. Da hasken ya faɗa kansu kuwa, sai na ga saiwoyin jajaye ne jawur, wasu farare, da 'yan rassa sirara suna lilo cikin ruwa. Na kai hannu bakin kafar, na ji sanyi na busowa.

Aka zuro mini guntun lauje. Alhaji ya yi gargaɗi in yanke ƙananan kawai, in bar manyan, don su ke riƙe da bango, in na sare su rijiya za ta rufta a kaina. Yankan farko laka ta tashi, duniyar nan da na gani ta ɓace, na koma makahona na kullum. Na yi ta sauka ina tasowa, ina cusa saiwa a kwando ana janyewa. Ana cikin haka, ina ƙarƙashin dutsen da kaina a ciki, roban gilashin ya yage daga gefe. Ruwa ya bugo mini ido da hanci lokaci guda, na shaƙa. Na nemi sama na rasa, kaina na bugun dutse. Ban fizgi igiya ba, ban ma tuna da ita ba. Ji kawai na yi an fizge ni ta ƙugu da ƙarfin da ban san tsohon nan na da shi ba. Na fito ina amai da tari, shi ma a sama yana tari, tafin hannunsa duk igiya ta saɓule.

Yohanna ya ce a bari haka. Na ce a'a, yanzu hannuna ya san gidan. Na miƙa gilashin sama, na koma a makance. Wajen la'asar na jawo wani dunƙulen saiwa da laka mai girman ƙwarya, sai wani ruwa mai sanyin ƙanƙara ya daki ƙirjina har ya tura ni baya.

Alhaji ya sa na kafa tsinke a bango daidai bakin ruwa, Goggo ta ɗaga sandarta, aka yi ta ɗiba har magariba. Washegari Juma'a da sassafe muka leƙa, tsinken ya nutse. Ba wai rijiyar ta cika ba ne, kar in yi muku ƙarya. Amma abin da aka ɗiba yana dawowa, kuma haka ta riƙe unguwar nan har ruwan sama ya sauka. Malam Iro ya zo da kansa, ya ja guga, ya kurɓa, ya ce, "Alhamdu lillahi, na huta da haƙa." Goggo Dije ba ta yi mana godiya ba. Ta dai aiko da fura, da saƙon cewa in na sake tofa yawu kusa da katangarta sai ta karya ni.

Bayan la'asar a ƙofar masallaci aka kewaye ni, kowa na son jin abin da na gani. Na faɗa musu tsakani da Allah: tulun, 'yan halittun da ake hango cikinsu, kifi mai ɗigon zabuwa da ke yin kore, jajayen rassa na lilo. Sai na ga ana ƙifta ido. Mai bakin nan ya ce, "Ɗanjuma, tarwaɗar da muke gani kullum ce ta zama kore? Hala marinin Alhaji ne ya biyo ka?" Na rantse, aka ƙara dariya. Na ce su shiga su gani, sai na tuna babu abin da za su gani da shi.

Alhaji na gefe da gilashin a cinya, yana shafa wurin da ya yage. Yohanna ya riga ya gaya masa wannan ya wuce faci. Na zauna kusa da shi, kunya ta ishe ni, na ce, "Alhaji, na lalata maka abin komawa teku."

Ya ce, "Jan nan da ka gani, irin na barkono ne ko irin na gauta?"

Na ce, "Ya fi na barkono haske. Kamar wuta na cikinsa."

Ya gyaɗa kai, ya naɗe gilashin a rawaninsa. Ya ce, "To, madalla. Yanzu mu biyu ne maƙaryata a Kwarbai."

Bai koma teku ba. Bayan damina ta gaba ƙirjin ya kwantar da shi, muka kai shi makwancinsa. Goggo Dije ta bi bayansa da 'yan shekaru. Da famfo ya shigo aka rufe rijiyar da kankare, nan ne inda kuke ajiye baburanku yanzu. Ba wanda ya fitar da kifin, kuma har yau in na wuce wurin sai na tambayi kaina ko suna can bayan dutsen, don ban taɓa sanin iyakar ramin nan ba.

Ni dai na yarda da Alhaji tun ranar, amma ban taɓa ganin abin da ya gani ba sai yau da kuka shigo da wayar nan kuna dariya. Ashe ma ragewa yake yi, bawan Allah, don kada a ce ya cika ƙarya. Ga mai kore da rawayan nan, ga shi kuwa! Mayar da shi farko. Matso da ita kusa, idona ba kamar da ba. Kai kuma cire babban yatsanka, ka rufe mini murjanin.